Ranar da Aka Zo Gasa Nonon Malama

A shekarar da wayar hannu ta shigo Zuru, har mutane ke hawa kan dutse don su ji muryar 'ya'yansu, a shekarar nan aka cire mini nonon hagu a wani babban asibiti a Sakkwato. Ciwon daji ne, in ji likita. Na tafi da biyu, na dawo da ɗaya, ban kuwa ji an yi cigiya ba.

A garinmu ba a kiran sunan abin da aka cire. Fasto ya tsaya gaban jama'a ya ce a yi wa mamanmu addu'a, an yi mata aiki a sashen sama. Maza su zo dubiya, su kafa ido a rufin ɗaki, su ce, "Mama, yaya ƙafar?" Ni kuma in ce ƙafa da sauƙi, don tsakani da Allah ƙafata ba abin da ya same ta.

Ina zaune ina tsammanin ni kaɗai ce a ƙasar, ashe mu uku ne. Akwai matar Saje, wadda ta bi mijinta bariki-bariki har bakinta ya koyi fareti. Akwai kuma wata Musulma mutuniyar Mahuta, mai kawo daddawa ranar kasuwa. Ba wanda ya haɗa mu, tafiya ce ta tona mu, don mai nono ɗaya kafaɗarta kan karkata kamar ta saɓa tulu a gefe. Muka riƙa haɗuwa gindin mangwaron gidana idan kasuwa ta tashi. Ba mu da suna, ba mu da anko, ba mu da shugaba, ko da yake matar Saje ba ta san da wannan ba.

Aikinmu shi ne mu jeru jikin bango muna hawa da yatsu kamar ƙadangaru, don hannu ya saki. Mu matsa wa wadda hannunta ya kumbura. Mu ɗinka 'yar jakar da za a cusa a rigar nono don ta cike gurbi. Auduga ba ta da nauyi, kina rawa a zumuntar mata sai ki ji ta a maƙogwaro. Yashi kuma ya ja ki ƙasa. Matar Saje ta ce mu duka jahilai ne, ta cika tata da jar dawa. Damina ta sauka, ga zufa, ga ɗumin jiki. Ran nan ta shigo gidana da kuka, ta ce ciwo ya dawo, har ya fara saiwa. Muka buɗe, sai ga dawa ta tsira fari fat. Mutuniyar Mahuta ta duba da kyau, ta ce, "Ke matar Saje, saura ki shanya ki kai gidan burkutu, tsiron ya yi kyau."

Haka muke har ciwon ya kama Malama. Yarinya ce mai 'ya'ya biyu, tana koyarwa a firamare, mijinta soja ne da bai daɗe da dawowa daga aiki a ƙasar waje ba. Shi ya ɗauke ta zuwa Legas. A can aka cire nonon, sannan aka yi abin da kunnenmu bai taɓa ji ba: aka yanki naman cikinta, aka hau da shi ƙirji, aka gina mata sabo. Ta dawo a duƙe kamar tsohuwa mai neman allura, ɗinki daga ƙugu zuwa ƙugu. Mijin ya ajiye ta hannun uwarsa, ya koma bariki.

Mun je mun gan ta, ta sa aka rufe ƙofa ta nuna mana. Ta ce likita ya faɗa mata naman nan kamar dashe yake, sai ya kama. Kada a danna, kada a ɗaure, kada zafi ya kusance shi. Idan ya mutu zai yi baƙi, a sake yanke shi, kuma ba wani cikin da za a ɗebo.

"Mama," ta ce mini, "ni dai kada wahalar nan ta tashi a banza."

Na ce, "'Yata, muna nan."

To, fa dubiya! Mutanen da ba su leƙo ni ba lokacin nawa ciwon, sai ga su har daga Sakaba, da 'yan kwanonin kunu, kowa idonsa ya san inda ya nufa. Wata ta tambaya ko in Malama ta ji yunwa nonon ne ke ƙugi. Wata ta ce a riƙa auna mata tuwo, kada sabon ya fi tsohon. Wani dattijon coci ya zauna bakin ƙofa, ya tuɓe hula, ya ce shi abu ɗaya ke hana shi sukuni: ranar tashin matattu, naman nan ciki zai koma ko a ƙirji zai tsaya? An kai maganar gaban Fasto, ya ce yana nazari. Har aka yi masa canjin wuri bai gama ba.

Mu uku muka raba tsaron ƙofa. Mai dubiya ba a korar sa, amma ana iya cika shi da gaisuwa har ya manta abin da ya kawo shi. Wannan aikin nawa ne. Na gaishe shi, na gai da uwarsa, na tambayi awakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Amma ɓarawon yana cikin gida. Uwar mijin Malama mace ce mai kirki, mai son surukarta, kuma irin wannan son ya fi ƙiyayya wuyar tarewa. Ta zauna ta yi lissafinta: an tsaga ciki, an fitar da abu, an ɗora shi a ƙirji. Ta ce wannan ai haihuwa ce. Haihuwa kuwa sai gashi, a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a tsoma tsumma a danna wa mai jego har jiki ya koma. Malama ta sunkuyar da kai ta ce likita ya hana. Uwar miji ta ce, "Shi likitan sau nawa ya haihu?" Wadda ta san kunya kuwa ba ta musa wa uwar miji sau biyu.

Uwar miji ta aika garin Danko a kira mata wata tsohuwar ungozoma da ta yi suna. Ita wannan ba ta gwada ruwa da yatsa. Ma'auninta ihu ne. Idan mai jego ta yi ƙara har maƙwabta suka ji, ruwa ya yi daidai. Idan ta yi nishi kawai, a ƙara itace.

Suka zaɓi safiyar kasuwa, don sun san mu uku muna can. Allah ya sa matar Saje ta tsaya gyara takalmi a bakin hanya, ta ga acaɓa ya wuce da tsohuwa rungume da ƙunshin tsummoki, ganyen darbejiya na lilo a baya. Ta zo ta fizge ni daga wurin mai kuka, ta fizgi mutuniyar Mahuta daga kan daddawarta. Muka yi gudu irin na tsofaffi, wanda baki ya fi ƙafa sauri.

Mun tarar da tukunya na tafasa a tsakar gida. An zaunar da Malama a kan kujera 'yar tsugunno a bayan ɗaki, zani a ƙugu, hawaye na zuba ba sauti. An riga an ɗora tsumman farko a gefen sabon nonon. Ungozoma na tsaye, ranta a ɓace.

"Kin ji zafi?" ta ce wa Malama.

"Ban ji ba, Iya."

"Kun ji ko? Ruwan nan sanyi gare shi. A ƙara itace!"

Matar Saje ta yi tsawa irin ta filin fareti, "Kowa ya tsaya inda yake!" Har akuyar gidan ta tsaya. Mutuniyar Mahuta ta sa hannu ta ɗauke tsumman, ta yar, tana yarfa yatsu don zafi. Wurin ya yi ja, fata ta fara tashi.

Uwar miji ta ce, "Haba 'yan'uwa, a gidana? Surukata ce, ni na san abin da ya dace da ita."

Na ce, "Uwar soja, ba wanda ya ce ba taki ba ce. Amma wurin nan ba ya ji. Ko garwashi kika ɗora ba za ta yi ihu ba, sai dai ki ji ƙauri."

Ungozoma ta yi dariya ta ce tun kafin a haifi uwar yarinyar nan take gashi, ba ta taɓa ganin naman mutum mai rai da ba ya jin wuta ba. Taurin kai ne irin na 'yan boko, yarinya na cije baki don ta kunyata ta.

Magana ta ƙi ci. Na duba tsakar gida, mata sun cika, maƙwabta har kan katanga. Tun da aka yi mini aiki, ban da likita da waɗannan biyun, ko mijina bai ga ƙirjina da rana ba. Na kwance ɗankwali na ɗaure idona da shi, na cire riga. 

Na ce, "Iya, ga tabo nan. Ɗauki ƙaya ki soka inda kika ga dama. In na ji, ki gasa mu duka huɗu."

Na tsaya ina jira. Na ji kaza na tono, na ji tukunya na ɓararraka. Da na gaji na ce, "Iya, ki soka mana, rana na yi."

Sai na ji matar Saje ta ce, "Kwance idonki, ta soka har ta gaji."

Na kwance. Ga ɗigon jini a jere a kan tabon, ga ungozoma riƙe da ƙayar aduwa, baki buɗe. Mutuniyar Mahuta ita ma ta ɗaga mayafi ta nuna nata, da wani farin tabo a gefe, inda bakin tukunyar kalwa ya ƙone ta ba ta sani ba sai da 'yarta ta gani. Uwar miji ta dubi namu, ta dubi jan da ke ƙirjin surukarta, ta dafe kai ta zauna a ƙasa.

Ungozoma ta matso kusa da kunnena ta ce, "'Yar'uwa, don Allah wa ya ba ku maganin nan? Ina da jika mai shiga soja."

Na ce mata a Sakkwato ake bayarwa, amma sai an bar musu abu a can.

Saura matsala ɗaya. Tsohuwa ta taso tun daga Danko, ta ce hannunta bai taɓa komawa gida bai yi aiki ba, kuma ruwan gashi ba a zubar da shi a banza, in an zubar sai ciwo ya zauna a gidan. Ta ƙi ɗaure ƙunshinta. Tana magana tana satar kallon cikin Malama, wai ko nan ne a ɗan taɓa.

Mutuniyar Mahuta ta gyara murya. "Ni kam ina ganin uwag gida ta daɗe tana kukan gwiwa. Kullum in ta zo sayen daddawa sai na kama ta ta tashi. Ga ruwa, ga gwana, mi a ka jira?"

Uwar miji ta ce gwiwarta ta warke tun jiya. Matar Saje ta ce, "Mama, ba ke kika ce gashi ba ya kisa ba? Kawo kujera!" Mata suka goyi baya, har na kan katanga. Wadda ta kira ungozoma ba ta iya cewa tana tsoron hannunta a gaban jama'a. Aka zaunar da ita.

Ranar nan ungozoma ta sami ma'auninta. An ji shi har bakin kasuwa.

Mu kuma muka shigar da Malama ɗaki, muka zuba wa wurin ruwan randa a hankali. Tana kwance da matashi a kan ciki, ihu na shigowa ta taga, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce, "Mama, ku rufe tagar nan, in na yi dariya ɗinkin zai ɓalle." Muka rufe, bai hana ba. Da rana ta yi sanyi muka samo mota muka kai ta asibiti, aka wanke ƙunar aka rufe. Ma'aikaciyar ta ce da an ɗora tsumma na biyu, da sai dai wani labarin.

Ƙunar ta ɗauki lokaci, don naman da ba ya ji ba ya saurin warkewa. Kullum ɗayanmu na zuwa ta duba launinsa a hasken ƙofa, kamar mai duba shuka bayan fari. Bai yi baƙi ba. Ya kama. Tabon ya tsaya kamar faɗin ɓarin goro, yana nan har yau. Kafin a yanke dawa Malama ta miƙe tsaye sosai, ta koma aji.

Ungozoma kuwa ba ta tafi ba sai da ta cika kwanakin gashinta cif, safe da yamma, don ta ce ba ta barin aiki rabi. Uwar miji ta rame, muryarta ta dushe. Abin da ya fi ba ni haushi a cikin labarin nan duka, gwiwar ta yi sauƙi.