Babur ɗin da Mu'minatu ta tayar

Mu'minatu 'yar Kiyawa ce, kuma a kan benci ta girma, gefen mahaifinta mai gyaran wutar babur. Ba koya mata ya yi ba. Ita ce dai mai miƙa masa filaya da salatif, tana kallo. Da aka kai ta gidan Ɗayyabu, mai kai kayan miya kasuwar Shuwarin, ta ajiye wannan sanin, ta kama daddawa.

Shekara goma sha ɗaya suka yi, suka haifi 'ya'ya mata biyu, babbar ita ce Radiyya. Ɗayyabu ya rasu bayan gajeren ciwo, ya bar babur ɗinsa a zaure, wanda tun yana raye ya daina caji. Ko an sa sabon batir, kwana uku ya shanye. Bakanike biyu sun duba a Dutse, kowa ya ce sai an sauya wayarin ɗin gaba ɗaya.

Ranar rabon gado, Idirisu, yayan mamacin, ya taɓa tayar babur ɗin da ƙafa, ya ce, "Wannan ai gwangwan ne. A bar wa Maman Radiyya da yara." Ba wanda ya rubuta.

Bayan ta fita takaba, Mu'minatu ta turo babur ɗin tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Ta cire kujera da tanki. Ba ta da na'urar gwaji, sai ta ɗaura wayoyi biyu a jikin ƙwan fitila, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, inda ƙwan ya kama ta wuce. Fiyus lafiya. Koyil na ba da wuta, amma wutar ba ta isa batir. Kwana huɗu tana wannan aiki tsakanin girki da sallah, yatsunta duk sun yi baƙi. A na biyar ta gano wata jar waya ƙarƙashin wuyan babur, ta goge tana taɓa ƙarfe, har ta ƙona ɗan akwatin da ke tura wuta zuwa batir. Ta aika aka sayo wani, ta naɗe wayar, ta taka.

Ya tashi. Fitila ta kama, oda ta yi ƙara. Mu'minatu ta zauna a kan turmi ta yi kuka, don rabonta da jin wannan ƙarar tun mijinta na da rai. Ta riga ta yi magana da wani maƙwabci zai riƙa kai mata daddawa kasuwa da shi.

Idirisu ma ya ji ƙarar. Washegari da hantsi ya yi sallama.

"Maman Radiyya, ashe mashin ɗin ƙanena ya tashi."

"Ya tashi, Yaya. Ni na gyara."

Ya yi dariya. "Ke? To, madalla. Kin san dai ba a raba shi ba. Ajiya aka ba ki."

"Yaya, a gaban mutane ka ce a bar mana."

"Na ce a bar muku gwangwan. Wannan kuwa babur ne."

Ta kai ƙara wurin mai unguwa. Waɗanda suka halarci rabon, kowa ya ce ba ya tuna yadda maganar ta kasance. Aka ba ta haƙuri, aka ce ta duba zumunci, ai baffan yaranta ne. Idirisu ya tura babur ya fita da shi, yana gaya wa 'yan majalisa yadda ya sha wahala kafin ya gano matsalar.

Yanzu a Keke Napep take aika daddawarta, ranar da ta samu mai karɓa. Bara wata maƙwabciya ta roƙe ta ta duba babur ɗin mijinta da ke cin batir. Mu'minatu ta ce ta manta aikin, ta ci gaba da dakanta.