Na Ce Mata Zan Duba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko na ji sanyi a ƙirjina. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ni matashi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ɗan manoma daga Garbadu, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa zama a kujerar ofis. Na samu aikin buga tafireta a wani ƙaramin kamfani mai jigilar kaya a Talata Mafara. Ga sabon keke, ga agogon hannu, ga biro biyu a aljihun gaba, in na je gida tsofaffi na ce mini malam akawu. Kaina kuwa ya ɗauka. Ban fi shekara da aure ba a lokacin. Matata 'yar wani malami ce a Gidan Goga, can ƙasar Maradun, dattijo mai sanyin hali wanda tun ranar da ya ba ni ita bai taɓa kirana da komai ba sai ɗana. Ita ce autarsa, shi ya karantar da ita da kansa. Mace ce mai fara'a da tsokana. In na dawo da baƙin tawada a yatsu sai ta kama hannuna tana dariya, wai yau kuma wace ce ta yi wa ango ƙunshi.

Manajanmu kuwa, Allah ya jiƙansa in ya mutu, in yana raye ya shirye shi, ban taɓa ganin mai son a san shi ne a sama kamarsa ba. Akwai wani littafi a bakin ƙofarsa, duk wanda zai fita, ko bayan gida ne ko salla, sai ya rubuta sunansa da lokaci. Wasiƙa ɗaya nakan buga ta sau huɗu, don ya ga waƙafi bai zauna inda yake so ba, ya ja mata jan biro daga sama har ƙasa ya wurgo mini. Abin da ya fi ci mana rai shi ne neman izini. Ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Ka rubuta takarda ka kai, ka tsaya hannu a baya, ya karanta a hankali, sai ya ce zai duba, ya ɗaga wani sulɓaɓɓen dutsen gulbi da ke kan teburinsa ya danne ta. Mu a ofis in aka ce takardarka ta shiga ƙarƙashin dutse, to ka haƙura kawai. Ni kuma ban taɓa musa masa ba. Ranka ya daɗe ce a bakina safe da yamma, ina murmushin dole.

Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, aikin ofis ba a samunsa a bakin hanya. Na yi haƙurin, amma ban san inda yake taruwa ba. Ashe gida nake kai shi. A hankali na fara samun laifi a komai: tuwo ya yi tauri, ruwan wanka ya huce, me ya sa ba a goge keken ba. Matata sai ta ba ni haƙuri, wani lokaci ta yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ta ce ko manaja ya biyo ni ne a aljihu. Maimakon in yi dariya sai in ɗaure fuska. Hausawa suka ce a bar jaki a daki taiki, to ni ne wannan mutumin, kuma wallahi a lokacin gani nake yi ai haka magidanci yake.

Wata Litinin cikin damina na kai takardar neman izinin kwana ɗaya, zan je Bakura sunan ɗan yayata. A gaban direbobi da masinja manaja ya karanta ta da ƙarfi, ya tambaye ni ko ni ne zan yanka ragon, aka yi dariya, sannan ya ce zai duba, ya danne ta. Na koma kujerata kunnuwana na zafi. Da wannan zafin na kwana, da shi na tashi ranar Talata, ranar kasuwar garin.

Ina ɗaura igiyar takalmi sai ga gwaggon matata ta yi sallama. Ta biyo motar 'yan kasuwa daga Gidan Goga da sassafe. Bayan doguwar gaisuwa ta ce malam ba ya jin daɗi kwana uku ke nan, jikin ya yi nauyi, kuma sunan autarsa yake ta kira. Ta ce motar za ta juya da zarar an yi azahar, don direba ba ya son ruwa ya tare shi a hanya, in matata ta shirya sai su tafi tare. Da gwaggo ta fita zuwa kasuwa, matata ta zo ta durƙusa a gabana, idonta cike da hawaye, ta nemi izinin tafiya. Edita, Allah shi ne shaidata, ban taɓa nufin hana ta ba. A zuciyata na riga na amince. Amma da na gan ta a durƙushe tana jiran abin da zai fito daga bakina, sai na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba, daɗin a ce yau ni ma wani na jirana. Na miƙe, na gyara agogona, na ce mata zan duba, in na dawo hutun rana za ta ji. Na ja kekena na fita ban waiwaya ba.

Hutun rana bai zo ba. Wajen sha biyu manaja ya dawo mini da wasiƙu uku da jan biro, ya ce babu mai motsawa sai an gama, ya ɗauke littafin fita ya kulle a durowarsa. Daga ofis zuwa gidana bai kai tafiyar minti goma a keke ba. Da na miƙe na fita, babu wanda zai kama ni, iyaka dai a yi mini faɗa. Da na roƙi dattijon masinjanmu ya leƙa ya ce ta tafi, da ya je. Amma aiken masinja ma sai da izinin manaja, ni kuwa ba zan iya sake tsayawa a gabansa a yi mini dariya ba. Na ce a raina ai ta san ba zan hana ta ba, za ta bi gwaggonta. Na ji kiran azahar, na ji ƙarar motocin kasuwa suna fita, yatsuna na kan tafireta ina gyara waƙafi.

Sai bayan la'asar na isa gida. Na same ta zaune a kan tabarma dab da ƙofar zaure, da mayafinta, da takalmi a ƙafa, da ƙullin kayanta a cinya, har da 'yar kwalbar zuma da ta daɗe tana ajiye wa mahaifinta. Maƙwabciyarmu ce ta gaya mini tun safe take nan a haka. Gwaggo ta dawo ta yi roƙo, ta yi faɗa, har kuka ta yi, ta ce ai mijinta ba zai ce komai ba. Matata kuwa ta ce malam da bakinsa ya koya mata mace ba ta ƙetare zaure sai mijinta ya ce ta je, ba za ta tafi gabansa da saɓa abin da ya koya mata ba. Da ta gan ni ba ta yi mini ƙorafi ba. Sannu da zuwa ta yi mini, sannan ta tambaye ni a hankali ko na duba.

Na ruga tasha, babu mota, ga hadari ya haɗo. Washegari da asuba na ari babur a wurin wani abokina, ban nemi izinin kowa ba, na goya ta muka kama hanya cikin taɓo. Da hantsi muka shiga Gidan Goga. Tun daga bakin gari muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ta ga yayanta a cikinsu, sai na ji hannunta ya saki rigata.

A zauren makoki yayan nata ya ja ni gefe. Na zaci zagi zan sha, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya ce malam ya yi ta duban ƙofa har motar kasuwa ta iso. Da gwaggo ta gaya masa autar na can tana jiran izinin mijinta, sai ya yi murmushi ya sa mata albarka, ya ce haka ya so ta zama. Sannan ya ce a gaya wa ɗansa, wato ni, kada ya damu, ya san aikin ofis ne ya riƙe shi, da yana da hali da shi da kansa zai kawo ta. Wannan uzurin da ya yi mini, ni da na san gaskiyar abin, shi ne har yau yake hana ni sakewa.

Da na koma aiki manaja ya ba ni takardar tuhuma don na yi fashin kwana biyu. Shi ya faɗa, ni na buga ta da hannuna, na kuma buga amsar ban haƙuri. Na ƙara shekara biyu a wurin. Ranar da kwangilar kamfanin ta ƙare manaja zai bar garin, ya zo yana sallama da ma'aikata, da ya iso kaina sai ya kira ni da sunan wani. Mutumin da na ji tsoronsa fiye da hakkin matata, ko sunana bai riƙe ba.

Matata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Na roƙi gafararta, ta ce ta yafe, kwana ne ya ƙare. Amma tsokanar nan ta tafi, ba ta sake kama hannuna ta yi dariyar tawada ba. Na ce mata daga yau duk inda za ta je ta tafi kawai, na ba ta izini har ƙarshen rayuwa. Ta ce to. Yanzu mun tsufa, muna da jikoki, amma ko barkar haihuwa za ta shiga a gidan da ke jikin namu, sai ta zo ta durƙusa ta tambaya, kuma ba ta tashi sai ta ji amsa da kunnenta. Ba da gayya take yi ba, na sani. Ni ne dai duk ta durƙusa sai in ga wancan ƙullin kayan a cinyarta.

Abin da na koya shi ne, wulaƙancin da ka haɗiye a wurin aiki ba ya narkewa, hanyar fita yake nema, kuma kan wanda ya fi ƙaunarka yake sauka, don shi ne ba zai rama ba. Ina roƙon ma'aikata 'yan uwana, in shugaba ya matsa muku, ku faɗa masa gaskiya cikin ladabi, ko ku kai kuka gaba, ko ku nemi wani aikin, amma kada ku shiga gida da halinsa. Ku kuma magidanta, izinin da aka sa a hannunku amana ce, ba kujerar mulki ba. In iyalinku suka roƙe ku abin da kun san za ku bayar, ku bayar nan take, tun kuna tsaye. Ni kalma ɗaya ce ta rage mini a wancan safiyar, in ce mata je ki. Na ajiye ta sai an jima, kuma har malam ya shiga kabari ban faɗe ta ba.