Azumin Shinkafa

Har yau ban manta da ranar da aka ce mana shinkafarmu za ta yi azumi ba. Zamanin soja ne, ina shugabar mata masu dashe a gandun shinkafa na wajen Tounouga. Ku 'yan baya ku sani, ƙasar gandu ta gwamnati ce. Wanda gonarsa ta lalace, koperatif, wato ƙungiyar manoman gandun, na iya karɓe ta ta ba wani. Fegin mata kuwa yana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye.

Malam Isuhu, malamin gona, ya zo da wani guntun tiyo mai huji-huji ya kafa a ƙasa. Ya ce a daina barin ruwa kwance kullum. A rufe ƙofar ruwa, a riƙa leƙa tiyon, sai ruwan cikinsa ya sauka kamar taƙi guda a sake buɗewa.

"Azumi ne, Inna," in ji shi. "Saiwa ta bi ruwa ƙasa ta yi ƙarfi, injin ban-ruwa ya rage shan man gazuwal, sauro ya ragu. In ta fara fure ne kawai ba a yi mata wasa da ruwa."

Alhaji Garba, shugaban koperatif, ya ce a fara gwadawa a fegin mata. Mutumin da ko taki sai ya gama da maza yake tuna mu, yau shi ke sa mu gaba. Kuma na san ƙanensa ya daɗe yana zagaya fegin nan da ido.

Ranar da kumandan ya zo, wato sojan da ke riƙe da Gaya, kowa ya sunkuyar da kai. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, mun yarda da azumi. Amma mai azumi da buɗa-baki aka san shi. Wa zai riƙe makullin ƙofar ruwa?"

Alhaji ya ce, "Hajara, makulli ba na mata ba ne."

"Tukunya ma ba ta maza ba ce, Alhaji, amma kuna ci."

Kumandan bai yi dariya ba. Ya nuna makullin da sandarsa, ya nuna ni. Na ɗaure shi a bakin zane.

Da ƙasa ta fara tsagewa, mata suka zo mini da kuka. Na sa hannu cikin tiyo na ji danshi. Shinkafa na fara fure, sai ga aike daga Alhaji: a kawo makulli, za a gyara ƙofa. Na ce makulli ba ya tafiya sai da ni. Na je na zauna bisa ƙofar tun hantsi har la'asar, ruwa na wucewa ƙarƙashina. Mai gyara bai zo ba.

Mun yanke shinkafa mai nauyi. Da muka turara muka surfa, ƙwayar ta fito ɗaiɗai, tsakinta kaɗan. Noman da ya biyo baya, na ga tiyo a gonar Alhaji.

Ko Malam Isuhu ya san abin da ake ƙullawa, ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Dabararsa dai gaskiya ce. Ku da ke aikin yanzu, in an kawo muku sabon abu ku karɓa, amma kafin ku ce to, ku tambayi wa ke riƙe da makulli. Namu yana nan a bakin zanena.