Muryar da ke Cikin Kaset

A wani shagon intanet da ke hanyar Makurdi a Lafia, shekarar 2008, Jumai tana jiran layi don ta cike fom ɗin neman aiki. Idonta na kan dattijon da ke gaban kwamfuta. Kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗa, tabaransa ɗaure da zare, ga 'yar rikoda a cinyarsa. Da yatsa ɗaya yake rubutu a bulog ɗinsa, wato shafinsa na intanet, kan yadda ake cinikin doya a Agyaragu a da. Zamansa kaɗai ya sa ta ɗauka tsohon malamin makaranta ne.

Yana buɗe alamar zance sai ya tsaya, ya mayar da kaset baya, ya kara a kunne. Muryar wata mata ce, tana magana tana dariya. Ya rubuta kalma huɗu, ya sake mayarwa.

Mai shagon ta leƙo. "Baba, saura minti uku fa. Ka rubuta yadda ka tuna mana."

"'Yata, abin da na tuna nawa ne," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Abin da ke tsakanin alamun nan nata ne. Ba ta da rai balle ta ce ba haka ta faɗa ba."

Ya rufe alamar, ya sauka layi, ya rubuta: Ngumimi, mai doya, 1997.

Matarsa ce ko yayarsa, Jumai ba ta sani ba. Da layi ya zo kanta, sai ta ce wa mai shagon, "Bar shi tukuna. Ba ta gama dariyar ba."