Baba Abdul-Rauf, Direban da Ba Ya Sauke Mutum a Bakin Titi

Idan aka sallame sallar asuba a ɗan masallacinmu na East Greensboro a Amurka, kowa yakan ja ƙafa ya je ya ƙarasa barcinsa, ban da Baba Abdul-Rauf. Shi bokiti yake ɗauka. Yakan wanke farar bas ɗin nan da ke ƙofar gidansa ciki da waje, ya kankare cingam ɗin da aka manna a ƙarƙashin kujeru yana tsaki, sannan matarsa Hajiya Hamdia ta miƙo masa koko da ƙosai ya sha a tsaye. Kafin rana ta yi zafi yana filin wasa.

Bas ɗin ta wata ƙaramar ƙungiyar besbol ce ta nan garin. Besbol shi ne wasan nan da wani zai jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga da gudu. Ni har yau ban gano daɗinsa ba. Shi kansa Baba, da ya kusa shekara ashirin yana tuƙa su, bai taɓa zama ya ga ƙarshen wasa ɗaya ba. Mutumin zangon Kumasi ne, aikinsa kai da kawo, ni kuma ni ne bakaniken da ke duba masa motar. Abin da zan faɗa a kansa, wani na gani da idona, wani 'yan wasan ne suka gaya mini a garejina.

A wannan wasa ana musayar mutum kamar yadda ake musayar akuya a kasuwar ƙauye. Ka zo aiki da safe, manaja ya kira ka ofis, kafin azahar ka zama na wani gari da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Ka kwashe kayanka ka fita ta ƙofar baya, don al'adarsu ke nan, ba a son a ga namiji yana share ido. Dole wani ya kai ka filin jirgi. Wannan wanin shi ne Baba.

Abin da aka ɗauke shi yi shi ne ya tsaya a bakin titi, mutum ya sauka, ya ja mota. Bai taɓa yin haka ba. Yakan nemi wurin ajiye mota, ya saɓa jakar mutum a kafaɗarsa, ya taka da shi har inda masu bincike ke hana ɗan rakiya wucewa. A nan zai miƙa masa ƙunshin guzurin da Hajiya ta ɗaura, ko da dafaffen ƙwai ne da biredi, ya tsaya har sai ya daina hango ƙeyarsa. Wani koci ya taɓa tambayarsa abin da ke cin lokacinsa haka. Ya ce masa, “A garinmu buhun shinkafa ake saukewa a bakin titi. Mutum raka shi ake yi.”

Bana masu ƙungiyar suka ce za su rushe su sake gini. Tsofaffin 'yan wasa za a ba da su, a karɓo yara masu jini a jika. Ban ce sun yi kuskure ba, ko a gareji idan hannun mutum ya fara rawa wani ake ba sifana. Amma wanda ke zaune a ofis suna yake sokewa, shi kuwa Baba mutum yake ɗauka. Tun farkon bazara bas ɗin nan take tafiya da masu furfura a gemu, ta dawo da yaran da ko gemun ba su tsiro ba. Ya raka wanda ya yi ta zage-zage har wurin masu bincike. Ya raka wanda da za su rabu ya rungume shi ya ƙi saki.

Na ƙarshensu shi ne Jerry. Shi ne mai tsugunawa a bayan mai duka yana cafe ƙwallo, kuma tsugunon shekaru ya cinye masa gwiwa. Ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, yana kiran Baba “Tsoho”, Baba yana kiransa “Mai Gwiwa”. Gidan haya yake a unguwar Glenwood da matarsa Anissa da 'yarsu Zipporah. Shekarun baya an taɓa ba da shi wani gari, ya tafi bai biya gida ba, sai daga filin jirgi ya kira ta a waya, ita kuwa tana fama da jaririya. Ranar da aka dawo da shi ƙungiyarmu Baba ne ya sauke shi a gida, kuma a gaban Baba ta gaya masa cewa idan ya sake yi mata ban kwana ta waya, ya yi zamansa can, ƙofar nan ba za ta sake buɗe masa ba. Mace ce da ba ta maimaita magana.

Ranar da abin ya faru ina cikin bas ɗin, don tayar gaba tana wata ƙara, na ce sai na ji ta a kan hanya. Jerry ya fito ta ƙofar baya, ya wurga jakarsa ciki. An ba da shi wata ƙungiya can arewa kusa da Kanada, an karɓi yara uku, kuma su ukun suna sauka a filin jirgin a yinin, Baba zai kwaso su.

“Tsoho, filin jirgi,” in ji Jerry. “Kuma ban da wa'azi.”

Baba ya tayar da mota. “Ka biya gida?”

“Zan kira ta in na zauna a jirgi.”

Baba ya ja mota. Amma da muka zo inda ake karyawa a hau babbar hanya, sai ya miƙe abinsa. Jerry yana kallon wayarsa, bai farga ba sai da ya fara ganin ƙananan gidajen unguwarsu da ɗalibai a kan kekuna.

“Kai! Wannan ba hanyar filin jirgi ba ce.”

“Hanya ce, Mai Gwiwa. Ta ɗan fi tsawo ne.”

Jerry ya yi ashar irin tasu, wadda ba zan rubuta ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Djibrilla, gaya wa tsohon nan ya haukace.” Na ce masa ni ƙarar taya na zo ji.

Baba ya tsaya a ƙofar gidan, ya kashe mota, ya zare makulli ya jefa a aljihun rigarsa. Ya ɗauko dardumarsa a bayan kujera, ya shimfiɗa a kan ciyawar bakin titi, ya kabbara sallar azahar. To wa zai yi gardama da mai salla? Wayarsa tana ta kuka a kan kujera, sunan manaja yana fitowa. Jerry yana zaune, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya ƙi kallon gidan.

Da Baba ya sallame ya ɗauki wayar. Muna jin muryar manajan daga inda muke. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, “Na ji, Oga. In wannan jirgi ya tashi akwai wani. Yaran kuma su zauna, akwai kujeru a can.” Manajan ya ce masa wannan zai iya cin aikinsa. Baba ya ce, “To,” ya kashe wayar.

Ya zagayo ya buɗe ƙofar da Jerry yake.

“Me zan ce mata?” in ji Jerry, murya ta sauka. “In ce an ba da ni an karɓo yaran da na girme su da shekara goma sha? In ce na ƙare?”

“Haka za ka ce mana. Wa ke ɗora maka ƙanƙara a gwiwar nan kullum? Ta riga ka sanin ka kusa ƙarewa. Abin da ba ta sani ba shi ne ko za ka iya kallon idonta ka faɗa.”

“Za su kore ka, Tsoho.”

“Cale, abokina, ni na san hanyar gidana. Kai ne kake neman ɓatar da taka.”

Ana cikin haka sai ga Zipporah ta leƙo ta taga, ta hango bas ɗin da ta sani, ta fito da gudu ba takalmi. “Dadi, yau ba wasa?” Jerry ya sauko a hankali, kamar yadda mai ciwon gwiwa ke saukowa, ya ɗauke ta suka shiga.

Sun daɗe. Ni na shiga ƙarƙashin mota na duba tayata, Baba yana jan carbi. Da suka fito su uku ne, idon Anissa ya yi ja, tana riƙe da rigar sanyin mijinta. Ta tsaya a gaban Baba ta ce, “Kai ka kawo shi, ko shi ya zo?”

“Da ƙafarsa ya shiga, 'yata.”

“Ba ƙafarsa na tambaye ka ba.”

“Shiga mota mu raka shi.”

Ta kalle shi, ta kalli mijin, ta shiga.

Jirgi ya riga ya tashi. Aka sa Jerry a wani na yamma da zai zagaya da shi wani gari. Baba ya saɓa jakar kamar kullum, amma da aka zo wurin rabuwa sai ya ja baya ya bar su su uku. Daga nan ya je ya samu yaran nan sababbi, sun baje a kan jakunkunansu, ɗaya har da minshari. Ya tashe su, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya ce laifinsa ne ba na ƙungiya ba, ya raba musu guzurin da Jerry ya kasa ci.

Ba a kore shi ba, amma an karɓe masa zuwa filin jirgi. Yanzu motar haya ake kira ta waya, ta sauke mutum a bakin titi ta wuce. Shi aka bar shi da jigilar kulake da kayan wanki. Bai kai ƙara wurin kowa ba, ko a masallaci bai ɗaga maganar ba. Yaran sun sha kashi a wasannin bana, an ce sai baɗi ko baɗin baɗaɗa za su nuna. Shi dai ba zai gani daga kujerar direba ba, don a ƙarshen watan nan zai miƙa makulli. Bayansa ya gaji, idonsa ma ya fara ƙin fitilun hanya.

Baba Abdul-Rauf, ba a taɓa kiran sunanka a lasifikar filin nan ba, kuma babu rigar da aka rubuta shi a bayanta. Kai ne ka ɗauki aikin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, na fitar da wanda aka gama da shi, ka yi shi kamar kana raka babban baƙo. Kai ne ka ga gidan wani yana shirin rushewa ka sa naka abincin a gaba ka tare. Taurin kai gare ka, wannan ni shaida ne, mun sha yin faɗa a kan man birki. Amma irin taurin kan nan Allah ya yawaita mana shi.

Gwiwar Jerry ba ta kai ƙarshen kakar wasa ba. A can arewa ta ƙarasa, likita ya ce ya haƙura da tsuguno. Anissa ce da kanta ta je ta ɗauko shi a filin jirgi. Kwanakin baya ta kawo motarta a canza mai, na tambaye ta lafiyar mai gida. Ta ce yana gida yana koyon dafa wa 'yarsa abinci, yana ƙona rabi. Sai ta ce, “Da ta waya ya kira ni a ranar nan, da yanzu yana wani ɗaki shi kaɗai da sandarsa.” Ba ta yi dariya ba da ta faɗa.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya saka wa Hajiya Hamdia da ta yi shekaru tana dafa wa 'ya'yan wasu guzuri.

Ku kuma 'yan'uwana na nan garin, ba sai kun san besbol ba. A cikinmu akwai wanda ya koma Ohio, maƙwabcinsa sai a bakin wasu ya ji. Akwai wanda ya sallami ma'aikacinsa da saƙon waya, akwai ma wanda ya yi wa matarsa haka. Mun zo ƙasar sauri mun koyi fita ta ƙofar baya. Zuwa da kai ya fi aike, mun sani tun muna yara. Idan rabuwa ta zama dole, ka taka ka je ka faɗa ido da ido. Idan kuma ɗan'uwanka ne ya kasa, kada ka tsaya yi masa nasiha daga nesa, ka sa shi a mota ka kai shi ƙofar, ka kashe injin ka jira.