Buhun Da Hamidu Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya taɓa sayen magani a bakin kasuwar Illela ya san Hamidu mai kemis. Dogo ne, miƙaƙƙe kamar gora, ga son tsabta har da iyayi. Shekararsa arba'in da shida, kuma akwai ƙarya guda da yake riƙe da ita tun yana ɗan sha huɗu.

A wancan lokacin mahaifinsu ya kai shi da wansa Dabo wajen masu lodin albasa su koyi dako. Buhun farko da aka aza wa Hamidu, sai ya zube ƙasa yana kukan bayansa ya ƙage. Ba abin da ya same shi, ƙyuya ce kawai. Dabo ya sunkuya ya ɗauki nasa, ya dawo ya ɗauki na ƙanensa. Daga nan aka ce tunda yaron ba shi da ƙashin wahala, a mai da shi makaranta. Dabo kuwa ya yi shekara talatin ƙarƙashin buhu, har bayansa ya tanƙware. Yanzu in zai dubi fuskar mutum sai ya karkata wuya.

Abin dariya, ciwon da Hamidu ya ƙaga ya zo ya same shi da gaske, don zaman kujera. Wata ma'aikaciyar jinya ta tura masa bidiyon motsa jikin da ake kira yoga. Kullum da hantsi, kafin ya buɗe shago, sai ya shimfiɗa tabarma a bayan kanta, ya yi rub da ciki ya ɗaga ƙirji, sannan ya juya rigingine ya dafa ƙasa ya banƙare. Ya ji daɗin jikinsa ƙwarai. Amma duk sanda ƙashin bayansa ya buɗe sai Dabo ya faɗo masa a rai, daɗin ya koma kunya.

Wata Lahadi ya manta bai sa sakata ba. Yana banƙare Dabo ya shigo neman man zafi.

“Mi kaka yi haka, Hamidu?”

“Maganin ciwon baya na, Yaya.”

Dabo ya ce shi ma bari ya gwada. Da ƙyar ya kwanta rigingine, amma ƙeyarsa ta ƙi kaiwa tabarma. Kansa ya tsaya a sama yana rawa, har sai da Hamidu ya tura tafin hannu ya tallafe shi. Dabo ya yi dariya, ya ce wannan wasa ba nasa ba ne.

Hamidu ya ji yau ce ranar faɗin gaskiya. Ya buɗe baki ke nan, Dabo ya riga shi.

“Ashe ciwon ga bai bar ka ba har yau. Ni hwa tun ranar da kaf faɗi, ban taɓa sallame salla ban roƙa maka sauƙinai ba. Da na bari ka koma ga buhun nan, da yanzu ko tashi ba ka yi.”

Hamidu ya dubi furfurar da ke kwance cikin tafinsa, ya rasa ta inda zai fara.

“Da sauƙi dai ko?” in ji Dabo.

“Da sauƙi, Yaya,” ya ce. Hannunsa ya fara sagewa, amma bai janye shi ba.