Faifan da Ke Jikin Bango a Beli

Kano, 5:40 na asuba

Na fito daga gida ranar Asabar da jaka ɗaya da faya-fayan garmaho uku. Malam Haruna, wanda ya koya mini aikin rediyo, idonsa ya mutu shekara biyu ke nan. Abu ɗaya ya roƙe ni: faifan wani tsoho baƙar fatar Amurka, mai waƙa da jita shi kaɗai, wanda ya riƙa sawa a shirinsa tun ina firamare. Na neme shi a ɗakin ajiyar gidan rediyonmu, babu. A kantunan Sabon Gari ma ba wanda ya taɓa jin sunansa. Daga baya na ji cewa wani Bature malamin makaranta ya bar wa Malam Isyaku na Karaye akwatin faya-fayai.

Bas ta cika a Kabuga 6:35. A shingen bayan Gwarzo ɗan sanda ya leƙa jakata ya ce, "Har yanzu ana jin waɗannan?" Na ce ana ji.

Karaye, 9:10

Malam Isyaku, tsohon hedimasta, ya tarbe ni da ƙosai da kunun tsamiya. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, na nuna masa sunan mawaƙin a takarda.

"Na san shi. Mai jan tambari a tsakiya. Amma ka makara da shekara huɗu, ɗana. Da za a kai 'yata Rabi ɗakin miji a Beli, uwarta ta kwashe faya-fayan aka yi mata jere."

"Jere, Malam?"

"A bango. Ta ce suna ƙyalli."

Rogo zuwa Beli

A-kori-kura ta tashi 10:50, ni da buhunan rogo da awaki biyu. Mun isa Rogo 12:05. Daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ni, minti talatin da biyar a hanyar burji.

Mijin Rabi yana gona, gidan kuma ba shiga. Na zauna a zaure, uwar mijin, Gwaggo Ladi, ta zama 'yar aike. Takardata ba ta yi mata amfani ba, don haka ta riƙa fito da faya-fayan ɗai-ɗai. Goma sha ɗaya ne. Kowanne an kafa shi da ƙusa ta hudar tsakiya, rana ba ta taɓa shi ba, ba ƙarce ko ɗaya. Na bakwai shi ne.

Gwaggo ta shiga ta dawo. "Ta ce a'a. Wannan shi ne a tsakiyar langunanta. In ka cire, giɓi za a gani kamar bakina."

"Gwaggo, wani dattijo ne makaho yake son ji."

"Allah sarki. To ita ma ɗakinta ne."

Na ciro faya-fayaina uku, waɗanda na kawo don musaya da Malam Isyaku. Biyu na masu jitar lantarki ne, na yi shekara ina nemansu. Na ukun kiɗan disko ne da na jefa don cike jaka. Gwaggo ta kai ciki. Na ji dariyar mata ta katanga.

"Ta ɗauki mai ruwan ɗorawa. Ta ce ya ma fi shiga da tasoshinta."

Na diskon ne. Gwaggo ta miƙo mini faifan tsohon, na yi godiya sau uku.

Kano, Lahadi

Na kwana a gidan Malam Isyaku, na iso 11:20, na wuce Gwammaja kai tsaye. Malam Haruna ya shafa faifan, ya kai hanci.

"Turaren wuta. Ina ka shiga, Sani?"

"Ban shiga ba, Malam. A zaure na tsaya."

Na ɗora allura. Jitar ta fara, tsohon ya ja murya. Yatsan Malam na ta buga gwiwa har fuskar farko ta ƙare. Sannan ya ce, "Juya."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Malam Isyaku, da Gwaggo Ladi, da Rabi wadda ban gani ba.